Gwajin busa daga soron gidanmu

Saura kwana 19 a rufe karɓar bidiyon gwajin shiga wata ƙungiyar horar da matasan makaɗa a Turai obo ɗina ya tsage. Da hantsi ne, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har ba a hango Dutsen Dala daga saman benen maƙwabtanmu. Ina tsaka da busa a soro sai na ji sautukan ƙasa sun ƙi fita, kamar mai mura yana son yin magana. Na juya shi wajen hasken ƙofa, sai ga tsaga siririya kamar gashin kai, ta taso daga sama ta nufi rami na biyu. Na zauna a kan dakali, ban san lokacin da na ce innalillahi ba.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, obo abin busa ne na Turawa, kuma ɗan'uwan algaita ne na jini. Baƙin itace ne siriri, tsawonsa ya ɗan haura kamu ɗaya, an jera masa maɓallai masu ruwan azurfa, a kansa kuma ana cusa 'yan kara biyu da aka fere aka ɗaure su fuska da fuska. Su ne ke rawa a baki su ba da amo. Abin takaicin, itacen daga Afirka ake saro shi, galibi Tanzaniya da Mozambik, a kai shi Faransa ko Jamus a sassaƙa, ya dawo mana da tsadar mota, sannan ya zo Kano ya kasa jure iskarmu. Numfashin mutum yana shiga cikinsa da ɗumi da danshi, ciki ya kumbura, waje kuma iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke. Sai ya dare. Laifina ne, na san ƙa'idar a ɗumama shi a hammata kafin a fara, ranar nan gaggawa ta sa na tsallake.

Gidanmu gidan busa ne. Baffana, yayan Abba, ya haura shekara 40 yana busa algaita a bayan wani hakimi. Tun ina ƙarami nake bin sa Hawan Daushe da Hawan Nassarawa ina riƙe masa gorar ruwa. Abba kuwa ya guje wa sana'ar tun yana saurayi, ya zama malamin makaranta, don ya san irin kallon da ake yi wa makaɗi da maroƙi a garin nan, musamman in ya je neman aure. Ina shekara tara Baffa ya ba ni kara da kofin ruwa, ya ce in riƙa hurawa kumfa na tashi, kada ta tsaya ko da ina shaƙar iska ta hanci. Wata uku na yi ina shan ruwa ta hanci kafin kumatuna su gane aikinsu. Wannan shi ne sirrin mai algaita, busa ba yankewa, doki ya tashi daga Ƙofar Kudu har ya kai inda za shi ba ka ji ya tsaya ba.

Obo kuwa a Legas na haɗu da shi, a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, wadda ƙungiyar masoya kiɗa da aka kafa a 1983 take gudanarwa. Shekara biyu na yi na karɓi difloma na dawo gida. A Kano babu okestira, wato irin babbar ƙungiyar makaɗan nan mai mutum 80 ko 100 da ke zama su bi rubutaccen kiɗa. Sai na kama koyar da yara busa a wata makarantar kuɗi, wani lokaci kuma a kira ni situdiyo a Zoo Road in busa musu layi biyu a waƙar biki.

Tsakanin gama makaranta da samun kujera a okestira akwai wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Makaranta tana koya maka ka busa kai kaɗai a ɗaki, malami na gyara maka. Aikin kuwa a tsakiyar jama'a ake yin sa, kuma cikin mutum ɗarin nan masu obo biyu ne ko uku. In kujera ɗaya ta buɗe, sai ka ga matasa daga ƙasashe daban-daban sun yi mata ca. Don cike wannan ramin aka ƙirƙiro okestirar horo: ka gama karatu, ba ka kama aiki ba, sai a ɗauke ka a ba ka masauki da ɗan alawus, ka riƙa yin aikin gaske kowane mako a gaban 'yan kallo, manya na tsaye a kanka. Ta birnin Shikago tana nan tun 1919. Wadda ta fi suna a yanzu ita ce New World Symphony da ke Miami Beach a Amurka, wadda jagoran makaɗa Michael Tilson Thomas ya kafa a 1987 da tallafin attajirin nan Ted Arison da matarsa Lin. Makaɗa 87 take riƙewa, kowa yana iya yin har shekara uku. Ginin da suka tare a cikinsa a 2011, wanda Frank Gehry ya zana, yana da ƙaton bango a waje da ake haska wasan a jikinsa, mutane su shimfiɗa tabarma a fili su kalla kyauta. Tilson Thomas ya riƙe shugabancin fasaha na ƙungiyar shekara 35, sai a 2022 rashin lafiya ta sa ya sauka, aka naɗa Bafaranshe Stéphane Denève.

Na kawo maganar shugabanci ne saboda abin da malamina na Legas ya faɗa mini da na kira shi ina neman shawara. Ya ce kada in ruɗu da kyan gini ko yawan alawus. In fara duba wane ne daraktan fasaha, in nemo jerin abin da ya sa yaransa suka kaɗa shekara uku baya. Shi ne madugu. Shi ke zaɓen kiɗan da za a yi a shekara, shi ke gayyato baƙin jagorori da masu horarwa, shi ke yanke hukuncin ƙarshe a kan wanda za a ɗauka. In mai son burga ne, zai cika jadawalin da manyan ayyuka masu hayaniya don a tafa masa, yara su fita ba su iya komai ba sai ƙara. In mai tarbiyya ne, za ka ga ya cusa ƙananan ayyuka na mutum takwas ko goma, inda ba wurin ɓuya. Da wannan ma'aunin na zaɓi wata ƙaramar ƙungiya a Turai, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Daraktarta mace ce dattijuwa, kuma rabin jadawalinta irin waɗannan ƙananan ayyuka ne.

Takardun ba su ba ni wahala ba: fom, tarihin karatu, wasiƙar shaida biyu. Kuɗin fom ɗin ne katin bankina ya ƙi biya saboda ba naira ba ne, sai da wani abokina da ke karatu a waje ya biya na tura wa ƙaninsa a nan. Bidiyon shi ne aikin. Sun nemi farkon kiɗan obo na Mozart, shahararren marubucin kiɗan Turai, da guntaye huɗu daga ayyukan okestira, duka a ɗauka ɗaya, ba yanka, ba gyaran sauti, a ga fuska da yatsu daga farko har ƙarshe.

To ga obo a tsage, kuma duk Kano ba mai gyaran obo. Na kira wani mai gyara a Legas ta bidiyo, ya duba ya ce tsagar ba ta ratsa ramin ba, in na yi a hankali zan iya toshe ta na wucin gadi. Matsalar cire maɓallan ce, domin kusoshinsu ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Na tafi kasuwar Sabon Gari wajen wani dattijo mai gyaran agogo. Ya sa gilashinsa a ido ɗaya, ya jujjuya abin ya ce, "Ɗana, wannan bindiga ce ko sarewa?" Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya riƙa cire kusoshin yana jera su yadda ya same su, mutumin Legas na kallo ta waya yana cewa a'a, wancan tukuna. Muka ɗiga gam mai ƙarfi a tsagar da bakin allura, muka barbaɗa garin itace, muka goge. Da ya mayar da komai na busa sautin ƙasa ya fito tas, masu shagunan kusa suka leƙo. Ya ƙi karɓar kuɗi sai da na matsa masa. Daga nan na biya 'Yan Lemo na sayi lemo, ba don sha ba, ɓawon nake so. Masu obo suna sa ɓawon lemo a cikin akwatin don ya riƙe danshi. Har yau in na buɗe akwatin ƙamshin lemo ke fara tarbata.

Na fara gwada situdiyo. Ɗakin an manne shi da soso ko'ina, sauti na fita daga obo ya mutu a gabanka. Injiniyan yaro ne mai kirki, ya ce kada in damu, zai sa mini amsa-kuwwa, ya kuma daidaita duk sautin da ya karkace, ba wanda zai gane. Na ce masa ai abin da aka hana ke nan. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Yallaɓai, wa ke fitar da murya ɗanya a zamanin nan?" Na biya kuɗin awa ɗaya na fito.

Sai na dawo soronmu. Ginin ƙasa ne na kakanni, bango mai kauri, rufi mai tsawo da aka ɗaure da azara. Tun ina yaro na san in Baffa ya busa a ciki sautin yana zagayawa ya dawo da taushi, amma ban taɓa tunanin ɗakin ɗaukar sauti ne ba. Abin da ya rage shi ne shiru, kuma shiru a cikin Birni sai a tona. Da rana adaidaita sahu da masu talla da almajirai. Bayan isha'i janareton mai shago. Na gano daga ƙarfe ɗaya da rabi na dare zuwa kiran assalatu ne kawai gari ke kwantawa. Ƙanina ya riƙe fitila mai caji, muka ɗaure waya a jikin tsani da roba, muka ajiye bokitin ruwan zafi a kusurwa don tururi. Dare huɗu muka yi. Sau 23 na ɗauka. A ɗaya akuya ta yi kuka ana saura daƙiƙa kaɗan a gama. A wata fitilar ta mutu. A rana ta uku Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko jikanta ya tambayi Umma wace irin tsuntsuwa ce ke kuka a gidanmu tsakar dare, don ita ta fara karanta addu'o'i.

Cikin guntayen huɗun akwai wanda na fi ji da shi, daga kiɗan da Brahms, wani marubucin kiɗa Bajamushe, ya rubuta wa mai gogen Turawa a 1878. A farkon kashi na biyu mai gogen yana tsayawa ne kawai da kayansa a hannu, obo ya ɗauki waƙar kusan minti biyu, sauran masu busa na rakiya a ƙasa. Doguwar waƙa ce mai kwanciya, kuma duk mai obo yana fama da inda zai tsaya ya yi numfashi. Wahalar obo ma ba ƙarancin iska ba ce. Ƙofar karan ƙarama ce ƙwarai, iskar ba ta ƙarewa, sai ta tsufa a ƙirji ta fara shaƙe ka, dole ka fitar da ita kafin ka shaƙi sabuwa. Ni kuwa ina da abin da Baffa ya ba ni. Na busa waƙar tun daga farko har ƙarshe ban yanke ko sau ɗaya ba. Da na kalli bidiyon na ce a raina, in sun ga wannan ai sai su miƙe tsaye.

Tura bidiyon ma sai da ya ci dare guda, ya kai kashi 90 ya katse har sau biyu. Ya shiga saura kwana biyu a rufe.

Mako shida ban ji komai ba. Ranar wata Talata ina aji sai ga saƙo: na tsallake zuwa zagaye na biyu, minti 20 kai tsaye ta bidiyo da darakta da mai horar da masu busa. Na ari ofishin wani aboki mai intanet mai ƙarfi, na fere kara shida na zaɓi biyu, na jiƙa su a kwalbar magani.

Ta bayyana a allo, farar suma, tabarau a rataye a wuya, ba fara'a ba ɗaure fuska. Ta gaishe ni, ta tambayi yadda ake faɗin sunana daidai, ta maimaita har sai da ta iya. Sannan ta ce in ba ta sautin da ake daidaita okestira da shi. Wannan aikin mai obo ne a ko'ina: kafin a fara wasa shi ke busa sauti ɗaya kowa ya daidaita kayansa a kai. Na saba da sautin mai girgiza sau 440 a daƙiƙa, su kuma nasu 442 ne, wato ya ɗan fi tashi sama, na san da haka na shirya. Ta gyaɗa kai. Ta ce Brahms.

Na busa kamar yadda na yi a bidiyo, ba yankewa. Da na sauke sai ta yi shiru, har na zaci intanet ce ta tsaya.

Ta ce, "Wa ya koya maka wannan numfashin?"

Na ba ta labarin Baffa da kara da kofin ruwa. Ta saurara sosai, ta yi tambaya biyu a kan algaita. Sannan ta ce abin da na yi yana da wuya, kuma ta ga mutane ƙalilan da suka iya shi da tsafta haka. Na fara jin daɗi. Sai ta ce, "Yanzu gaya mini, a wannan wurin su wa ke busa tare da kai?"

Na lissafa mata su, na san takardar.

"Su ma sun iya numfashin baffanka?"

Na ce ban zata ba.

"To ta yaya za su san inda jimla ta ƙare? Suna zaune a bayanka da gefenka, ba fuskarka suke gani ba. Kafaɗarka suke gani, shaƙar iskarka suke ji. In ka yi numfashi sai su yi tare da kai, su shigo tare da kai. Kai ka wuce abinka ka bar mutum bakwai suna haki a baya."

Kunya ta kama ni har zufa ta keto mini a cikin sanyin na'ura. Abin da na ɗauka shi ne makamina, shi ta ɗaga ta nuna mini ramin da ke ciki. Ta ce in ɗauko fensir, in sa alama wuri huɗu da zan tsaya, in gaya mata dalilin kowanne. Na zaɓi uku cikin sauƙi. Na huɗun ta ce a'a, nan tsakiyar magana ne, kamar mutum ya tsaya tsakanin suna da sunan mahaifi. Na matsar da shi gaba. Ta ce in sake busawa, kuma numfashin ya zama wanda na bayan ɗaki zai ji, kada in ɓoye shi kamar abin kunya.

Na sake. Wuri na farko jikina ya ƙi, kumatuna suka cika da kansu kamar yadda suka saba shekara 17, na wuce ban tsaya ba. Na dakata na ce ta yi haƙuri. Ta ce in koma. A karo na uku na tsaya a dukkan huɗun. Waƙar ta sauya a kunnena, ta zama kamar mutum na ba da labari maimakon ruwa na zuba daga famfo. Ba ta yaba ba. Ta juya ta ce wa mai horarwar wani abu da ban ji ba, ta rubuta. Sauran lokacin ta sa ni busa layin obo na biyu, wanda ba waƙa a cikinsa sai dogayen sautuka a ƙasa, ta ce in yi shi a hankali fiye da yadda nake jin zai yiwu. Da ma ba a iya busa tare ta intanet saboda jinkirin sauti, don haka ta riƙa rera layin na farko a bakinta ta tsaya, ni kuma in ɗora. Minti 20 suka cika, ta yi godiya, allo ya mutu.

Daga baya na fahimci ba iyawata ta zo aunawa ba, bidiyon ya riga ya nuna mata wannan. So take ta ga ko za a iya juya ni cikin minti goma. A ganina nan ne aikin daraktan fasaha a irin wannan ƙungiya ya bambanta da na babbar okestira. Can ƙwararru ake nema da za su zo da abinsu a shirye. Nan kuwa tana zaɓen wanda za ta iya taɓawa, kuma abin da ta taɓa a jikin mutum 40 ko 50 a shekara shi za su ɗauka su bazu da shi duniya.

Da daddare na je wajen Baffa, na same shi a tabarma yana cin goro. Na zayyana masa komai, ina tsammanin zai ji haushin an taɓa abin gadonsa. Ya yi dariya har da tari.

"Matar nan ta san aiki," in ji shi. "Kai da wa ka taɓa ganin na busa ni kaɗai? Ba ka ga ina kallon mai ganga ba?"

Na ce, "Baffa, ai ba ka yankewa."

"Ba na yanke iska, amma ina sauke murya in ba shi wuri. Kuma 'yan kakaki fa? Ka taɓa jin ɗaya ya riga ɗaya? Tare suke ɗagawa, tare suke ajiyewa. Kai kumatu kawai ka koya a wajena, ka gudu Legas."

Ban ce komai ba, don gaskiya ya faɗa.

Amsarsu ta zo bayan mako uku: ba a ɗauke ni ba, amma ina jerin masu jira. Na gaya wa Umma, ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta ci gaba da tankaɗenta. Na koma aji da yarana. A watan Mayu, ana tsakiyar zafi, sai ga wani saƙon: wani ya janye, suna gayyatata zangon kaka na mako goma, a kujerar obo na biyu. A ƙasan saƙon daraktar ta ƙara layi ɗaya da kanta, ta ce in zo da fensir.

Yanzu ina jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci a Abuja. Sun turo takardun kiɗan makon farko, na buga su a shagon kwamfuta na bakin titi. A shafin farko na obo na biyu akwai gaɓa 46 da ba na busa komai, ƙirga kawai zan yi in jira. Jiya Baffa ya shigo soro ya tarar da ni ina ƙirgawa da yatsu, obo a kan cinya. Ya tsaya ya ɗan kalle ni, sannan ya buɗe kwalbar da nake jiƙa karana ya zaro ɗaya, ya ɗaga shi wajen haske, ya gwada cusa shi a bakin algaitarsa. Bai shiga ba. Ya mayar ya ce in zan dawo in taho masa da irin karan ɗanye, wanda ba a fere ba, shi zai fere abinsa.